Gadon tausa na tafi-da-gidanka: Abin da mai sana'a a Jibiya zai duba kafin ya saya

Ciwon baya da na ƙugu tsofaffin abokan zama ne ga masu neman abinci a bakin iyakar Jibiya da ke Jihar Katsina. Direban babbar mota yakan kwana a kan sitiyari tsakanin Kano da Maraɗi. Ɗan dako a Magama yakan wuni yana sauke buhuna. Ɗan kasuwa yana zaune a kan benci tun hantsi har Magariba, jami'in da ke shingen bincike kuma yana tsaye a rana. Idan dare ya yi, da yawansu mai tausa suke nema.

Matsalar ba ta Jibiya ba ce kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, kuma ana hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da 2050. A ƙa'idojin da ta fitar a watan Disamban 2023 kan kula da ciwon bayan da ya daɗe, hukumar ta sanya tausa cikin hanyoyin da za a iya bi, tare da motsa jiki da wayar da kan majiyyaci.

A ƙasar Hausa tausa ba baƙuwa ba ce. Masu ɗori suna yin ta, wanzamai suna haɗa ta da ƙaho, ungozoma tana yi wa mai jego. A yau an samu ƙarin masu hijama na zamani da likitocin fisiyo, waɗanda aka fi sani da masu gashin ƙashi, da ke bin majiyyata har gida. A da tabarma ce wurin aiki: majiyyaci ya kwanta a ƙasa, mai tausa ya durƙusa a kansa. Wannan tsari ba ya cin kuɗi, amma yana cin gwiwa da bayan mai sana'ar, kuma tsoho ko mai ƙiba yakan sha wuya kafin ya miƙe daga ƙasa.

Wannan ne ya sa gadon tausa mai naɗewa, wanda ake ninkewa biyu a saka a jaka, ya fara shiga hannun masu sana'ar. Sai dai ba duk gadon da ke naɗewa ne ya dace da aikin yau da gobe ba. An ƙera shi ne don ya biya buƙatu biyu da ba sa jituwa: ya yi sauƙin ɗauka, kuma ya ɗauki nauyin babban mutum ba tare da ya motsa ba. Duk abin da aka ƙara wa ɗaya, daga ɗayan aka rage. Aikin mai saye shi ne ya gane inda ma'aunin ya dace da irin aikinsa, da jikinsa, da kuma hanyar da yake bi.

A fara da tambayar aiki, ba ta farashi ba

Kuskuren da aka fi yi shi ne a shiga shago a tambayi kuɗi kafin a san abin da ake nema. Tambayar farko ita ce: su wa za su riƙa kwanciya a kan gadon, kuma me za a yi musu?

Mai tausar gajiya, wanda yawancin masu zuwa wurinsa direbobi ne da 'yan dako, yana danna jiki da ƙarfi, don haka ƙarfin ƙafafun gado ne babban abin dubawarsa. Mai hijama ba ya danna jiki sosai, amma yana aiki da jini, saboda haka ledar saman gadon da sauƙin wanke ta su ne a gaba. Mace mai bin gidaje tana yi wa mata 'yan uwanta tausa ita ke ɗaukar kayanta ta ratsa zaure da soro, don haka nauyin gadon ne zai fara damunta.

Likitan fisiyo da ke kula da mai shanyewar ɓarin jiki kuwa lamarinsa daban ne. Irin wannan majiyyaci yana buƙatar shimfiɗa mai faɗi kuma gajeriya, wadda zai iya juyawa a kai, ya zauna a gefenta ƙafafunsa suna taɓa ƙasa. A asibitoci ana amfani da gado na musamman mai faɗin mita guda ko fiye. Gado mai naɗewa siriri ne, kuma idan mutumin da ba ya iya riƙe jikinsa ya karkata, faɗuwa ce. Ga irin wannan aiki, katifa mai tauri a kan gadon gida ko a ƙasa ta fi aminci.

Tambaya ta biyu ita ce sau nawa za a ɗauki gadon a rana. Wanda ya kama shago a cikin garin Jibiya, ba ya fita da gadon sai jefi-jefi, ba ya buƙatar mafi sauƙin nauyi. Wanda yake hawa babur zuwa Magama da safe, ya dawo gari da rana, ya shiga mota zuwa Katsina, tafiyar kimanin kilomita 45, kowane kilo guda a wurinsa abin lissafi ne.

Lambobin nauyi uku da ke rikita mai saye

A jikin kwalin gado ko a shafin talla, akan ga lambobi uku da suka shafi nauyi, kuma kowace da ma'anarta.

Ta farko ita ce nauyin gadon kansa. Yawancin masu naɗewa suna tsakanin kilo 12 zuwa 20. Abin lura shi ne kamfanoni da dama suna rubuta nauyin gadon tsurarsa, ba tare da matashin fuska da madogaran hannu da jaka ba, waɗanda kan ƙara kilo biyu ko uku. Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa komai a jaka a ɗora a sikeli, ko mai saye ya rataya jakar ya yi 'yar tafiya da ita a gaban shagon.

Ta biyu ita ce nauyin da gadon ke ɗauka idan an shimfiɗa kaya a kansa daidai wa daida, babu motsi. Wannan lamba takan yi girma, har ta kai kilo 900 ko sama da haka, kuma ita masu talla suka fi son nunawa. Amfaninta ga mai sana'a kaɗan ne, domin mutum ba buhun gero ba ne. Yana zama a gefe guda kafin ya kwanta, yana juyawa, mai tausa kuma yana danna wuri ɗaya da nauyin jikinsa.

Ta uku ita ce nauyin aiki, wato nauyin majiyyaci haɗe da ƙarfin dannawar mai tausa. Ita ce lambar da ta kamata a nema. Gadajen da aka yi don masu sana'a sukan nuna kilo 200 zuwa 270. Misali, idan direba mai kilo 110 ya kwanta, mai tausa ya jingina da gwiwar hannunsa ya ƙara kilo 40, an kai 150, kuma duk a kan ɓangare guda. Gadon da nauyin aikinsa bai kai kilo 200 ba bai bar wata rata ta aminci ba. Idan kwali ya nuna lamba ɗaya tak ba tare da bayanin wace ce ba, gara a ɗauka ta biyun ce.

Akwai kuma rikicin ma'auni. Kayan da aka yi don kasuwar Amurka suna zuwa da fam da inci. Kilo ɗaya fam 2.2 ne, don haka gadon da aka rubuta wa 450 a ma'aunin fam kilo 204 kawai yake nufi. Inci ɗaya kuma santimita 2.54 ne. Kayan da suka biyo ta Nijar galibi da Faransanci ake bayaninsu, amma da kilo da santimita, abin da ke sauƙaƙa kwatance.

Tsayi, faɗi da tsawo

Tsayin gado shi ne ke kare bayan mai sana'a. Idan ya yi ƙasa da yawa, zai wuni a sunkuye. Idan ya yi sama, kafaɗunsa da wuyan hannunsa ne za su ɗauki aikin da nauyin jiki ya kamata ya yi. Yawancin gadajen ana iya ɗaga su ko sauke su tsakanin kimanin santimita 60 zuwa 85.

Gwajin da masu koyar da tausa suka saba bayarwa shi ne mutum ya tsaya a gefen gadon, ya saki hannuwansa, ya dunƙule su. Idan gaɓoɓin yatsunsa suka taɓa saman gadon, tsayin ya yi kusa da daidai. Mai danna jiki da ƙarfi, ko mai aiki a kan mutane masu kaurin jiki, zai sauke shi ƙasa da haka kaɗan. Ya kyautu tsayin da ya dace da mai saye ya faɗo a tsakiyar ramukan ƙafar gadon, ba a ramin ƙarshe ba, domin ƙafar da aka zaro har ƙarshe ta fi saurin rawa.

Faɗin da aka fi samu shi ne santimita 70 zuwa 76. Mai santimita 60 ya fi sauƙin ɗauka, amma hannuwan babban mutum za su riƙa zubowa ta gefe, kuma ba zai saki jiki ba don tsoron faɗuwa. Mai santimita 80 ko fiye yana da daɗin kwanciya, sai dai gajeren mai tausa zai riƙa miƙa jiki kafin ya kai tsakiyar baya, ga shi kuma da wuyar ɗorawa a babur. Ga mafi yawan masu sana'a, 70 zuwa 73 ya wadatar.

Tsawon da aka saba shi ne kimanin santimita 185, matashin fuska kuma ya ƙara kusan 25 zuwa 30. Wannan ya ishi dogon mutum. Matashin da ake iya karkatawa sama da ƙasa ya fi ramin da aka huda a jikin gadon, domin yana bai wa wuya damar miƙewa, numfashi kuma ya fita sosai, abin da ke da muhimmanci a ɗaki mai zafi.

Bayan an naɗe gadon, tsawonsa yakan koma kusan santimita 90. Kafin a biya kuɗi, a tuna da but ɗin motar haya da ake shiga, da bayan babur, da faɗin ƙofar zauren gidajen da ake zuwa.

Katako ko alminiyam

Ƙafafun gadon na katako ne ko na alminiyam. Na katako ya fi nauyi, amma ya fi tsayuwa daram, ba ya yawan ƙara, kuma idan wani abu ya karye kafintan unguwa zai iya sassaƙa madadinsa. Na alminiyam ya fi sauƙi da kilo biyu zuwa huɗu, ana daidaita tsayinsa da sauri ta hanyar danna maɓalli, kuma gara ba ta cin sa. Illarsa ita ce idan ya lanƙwashe ba ya komawa daidai, waldarsa kuma ba kowane mai walda ke iya ta ba.

Yanayin Jibiya yana da ta cewa a wannan zaɓi. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40. A lokacin hunturu iska takan bushe ƙwarai, katako ya tsuke, notuna su saki. Da damina kuma katakon ya sha danshi ya kumbura. Wannan kai-komo shi ke sa gadon da ya tsaya da kyau a shago ya fara rawa bayan wata shida. Mai gadon katako zai riƙa bin notunansa da sifana lokaci-lokaci. Mai na alminiyam kuma zai riƙa share ƙura daga cikin bututun ƙafafun, domin ƙurar hunturu tana toshe maɓallan.

Ko wanne aka zaɓa, ƙarfin gado mai naɗewa yana wurare uku ne da ba a gani sai an kifa shi. Na farko shi ne hinjin da ya haɗa ɓangarorin biyu a tsakiya, daidai inda ƙugun majiyyaci yake sauka. Hinji dogo da ya bi faɗin gadon gaba ɗaya ya fi ƙananan hinji biyu. Na biyu su ne wayoyin ƙarfe da ke ɗaure ƙafafun ta ƙasa. Su ke hana gadon buɗewa ya zube, don haka dole su miƙe tsaf idan an kafa shi, babu wadda ta saki ko ta fara warwarewa. Na uku shi ne falankin da soson yake kai. Idan ya yi siriri da yawa, zai lotsa da an danna shi da tafin hannu.

Soso da leda

Kaurin soso yakan kama daga santimita 5 zuwa 7.5. Amma kauri kaɗai ba ya nuna inganci. Duk wanda ya taɓa sayen katifa ya san akwai mai kauri da ke lotsewa cikin wata uku, akwai kuma siririya mai tauri da ke shekaru. Gwajin ɗaya ne: a danna da babban yatsa da ƙarfi. Idan an ji katako a ƙasa, soson bai isa ba. Idan aka ɗaga yatsa ramin ya daɗe bai cike ba, ba zai yi ƙarko ba. Mai aikin gashin ƙashi ya fi buƙatar soso mai tauri, domin mai laushi yana shanye ƙarfin dannawa.

Ledar sama iri biyu ce. Akwai PU mai laushi da daɗin taɓawa, akwai PVC mai ɗan tauri da santsi. PU ta fi daɗin kwanciya, amma mai arha daga cikinta takan fara ɓarewa idan zafi da gumi da mai suka haɗu a kanta. PVC ta fi jure mai da ruwa da yawan gogewa, sai dai tana riƙe zafi, kuma idan ta tsufa takan tsage. Ga mai hijama da mai amfani da man kaɗe, man zaitun ko man habbatussauda a kullum, juriyar wanki ta fi laushi muhimmanci.

Babban makashin leda shi ne rana. Gadon da aka ɗaure a saman mota daga Jibiya zuwa Katsina da tsakar rana, ko aka bari a but ya wuni, yana rage kwanansa ne. Jaka mai kauri, mai zif mai ƙarfi da maɗaurin kafaɗa mai faɗi, ba ado ba ce. Leda mai duhu tana ɓoye tabon mai, amma tana ɓoye ɗigon jini ma, don haka mai hijama ya fi dacewa da launi mai haske.

Tsafta: inda ganganci ke zama cuta

Tabarma ana iya shanya ta a rana, a sauya ta da kuɗi kaɗan. Gado kuwa mutane da yawa ne za su kwanta a kansa a rana guda, fatarsu a buɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jikin mutum na aƙalla kwana bakwai. Leda mai tsaga ko ɗinkin da ya buɗe yana barin jini da gumi su shige cikin soso, inda babu wankin da zai kai.

Saboda haka a zaɓi gadon da samansa shafe yake, babu ɗinki ko maɓallin ado a inda jiki ke kwanciya. A riƙa shimfiɗa zane mai tsabta ga kowane mutum, mai hijama kuma ya sa ledar kariya a ƙarƙashin zanen. Wankin yau da kullum ruwa da sabulu mai sauƙi ne. Idan jini ya zuba, ana amfani da ruwan bilic mai ƙarfin kashi 0.5 cikin 100. Idan gorar ta nuna kashi 3.5, ana zuba ma'auni ɗaya a ma'auni shida na ruwa. Bayan ya yi mintuna a wurin, a goge da ruwa zalla, domin bilic da sifirit suna busar da leda idan an bar su a kai. Ledar da ta tsage ba a liƙe ta da salatif. Masu yin kujeru za su iya sauya ta gaba ɗaya, tare da soson idan ya mutu.

Saye a bakin iyaka

Mai saye a Jibiya yana da ƙofofi huɗu: shagunan kayan asibiti na Katsina da Kano, kasuwar Maraɗi, shafukan intanet irin su Jumia da Jiji, da kuma kafintan gida. Kowace da ribarta da haɗarinta.

Akwai sanannun kamfanonin Amurka irin su Earthlite da Oakworks, amma akasarin gadajen da ke kasuwannin yankin nan daga China suke, kuma a cikinsu akwai nagari, akwai na banza. Suna a jikin kwali ba hujja ba ne. Tallan intanet kuma yakan zama cinikin biri a sama, domin hoto ba ya nuna kaurin falanki ko ƙarfin waya. Wanda zai saya ta can ya nemi a rubuta masa nauyin aiki da sharaɗin mayarwa, kuma ya fifita biya bayan kaya sun iso.

Wanda ya samu na hannu, wato wanda aka yi amfani da shi, ya duba hinji da wayoyi kafin leda. Leda da soso ana sauya su a gida, amma firam ɗin da ya tsage ya gama aiki.

Sayayya ta ɓangaren Nijar tana da nata lissafin. Farashi da sefa ne, don haka canjin ranar zai iya cinye rangwamen da aka gani. Sannan akwai batun mayar da kaya idan an samu aibi, kuma tarihin iyakar ya isa darasi. Gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a Afrilun 2022. An sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli, aka buɗe a Maris ɗin 2024. Alƙawarin gyara ko musaya da ke ɗaya gefen shinge yana iya zama ba shi da amfani a dare ɗaya. Wanda ya sayo daga can ya karɓi rasit, ya bi ta hannun kwastam yadda doka ta tanada, ya kuma ajiye takardun a cikin jakar gadon, musamman idan yana tsallakawa da shi zuwa Ɗan Isa ko Maraɗi don aiki. Takarda ce za ta nuna cewa kayan sana'arsa ne, ba hajar sayarwa ba.

Kafintan gida kuwa zai iya yin gado mai ƙarfi da kuɗi kaɗan, kuma ga mai shago wannan zaɓi ne mai kyau: gado tsayayye, a auna tsayinsa da jikin mai shi, a sa soso mai tauri da leda mai kauri. Inda ake samun matsala shi ne a ce ya yi mai naɗewa. Ko dai ya fito da nauyin da ba ya ɗaukuwa, ko kuma tsakiyarsa ta zama mai rauni, tunda babu wanda ya gwada yawan nauyin da zai jure.

A batun kuɗi, lissafin da ya fi shi ne na shekara, ba na ranar saye ba. Gadon da ya yi shekara ɗaya ya lalace ya fi tsada a kan wanda ya ninka shi kuɗi amma ya yi shekara huɗu. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Kuma ranar da gado ya karye da mutum a kai, ba kuɗin gadon kaɗai aka rasa ba. A gari irin Jibiya, inda labari ke zaga tasha da kasuwa kafin La'asar, suna ne ke tafiya.

Gwajin minti goma a gaban mai shago

Gani ya kori ji. Kafin a miƙa kuɗi, a nemi a fito da gadon daga kwali, mai saye ya kafa shi da kansa. Gado mai kyau mutum ɗaya ke kafa shi cikin minti ɗaya ko biyu.

A kama gefe guda a girgiza shi gaba da baya, sannan hagu da dama. Kada ya yi rawa ko ƙara. A zauna a tsakiya, daidai kan hinji, sannan a zauna a can ƙarshe a ga ko ɗaya ɓangaren zai ɗaga. A sa wani mai jiki ya kwanta rub da ciki, a danna bayansa kamar ana aiki, a saurara. A duba ƙasan ƙafafun ko suna da robar da ke hana zamewa a kan siminti ko tayil. A ɗaga kowace ƙafa a sauke, a tabbata duk ramukan suna shiga. A gwada matashin fuska ko yana riƙe inda aka tsayar da shi. Daga ƙarshe a naɗe, a kulle, a saka a jaka, a rataya.

Gidaje da yawa a karkarar Jibiya daɓen ƙasa gare su, ba shafaffe ba. A irin wannan wuri, a tabbata ƙafafu huɗun sun zauna daidai kafin kowa ya hau, domin ƙafa ɗaya da ke lilo tana jefa duk nauyin a kan hinji.

Abin da gado ba ya bayarwa

Gado mai kyau yana sa mai sana'a ya yi kama da ƙwararre, kuma a nan wani haɗarin yake. A Najeriya, aikin fisiyo yana ƙarƙashin hukumar MRTB, wadda aka kafa da Doka ta 38 ta shekarar 1988, kuma wanda ba ta yi wa rajista ba ba shi da ikon kiran kansa likitan gashin ƙashi. Mai tausar gajiya ya tsaya a matsayinsa, ya kuma san lokacin da zai ce a tafi asibiti.

Ba a tausa ƙafar da ta kumbura ta ɓangare guda, tana zafi da ciwo, musamman ga direban da ya daɗe a zaune, domin yana iya zama gudan jini ne a jijiya, kuma dannawa na iya tura shi zuwa huhu. Ba a tausa inda ake zargin karaya, ko rauni a buɗe, ko mai zazzaɓi mai zafi. Ciwon bayan da ya zo da mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ko ramewa ba dalili, na likita ne cikin gaggawa. Babban Asibitin Jibiya yana kusa, akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, akwai kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Haka nan mutunci yana cikin kayan aiki. Namiji ya yi wa namiji, mace ta yi wa mace, a rufe duk inda ba a aiki a kai, a sa labule idan a shago ne.

Zirga-zirga a Jibiya ba raguwa za ta yi ba. Layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, ta garin zai bi. Masu neman a taɓa musu baya za su ƙaru, masu sana'ar ma haka. Wanda ya auna gadonsa da irin aikinsa, ya nemi nauyin aiki na kilo 200 ko fiye, ya kifa shi ya duba hinji da wayoyi, ya kuma riƙe tsafta, shi ne zai daɗe a cikin sana'ar da bayansa lafiya, masu zuwa wurinsa kuma su sauka daga gadon da ƙafafunsu.